Lasisin Kumasi da Sunan Ɗan Fari

Ban taɓa mantawa da ranar da na shiga ofishin Daraktanmu a Boɗinga da buƙatar ƙungiyar masu albasa a hannuna ba. Darakta ya karanta, ya cire tabarau, ya ce mini manomin Danchaɗi ko na Dandin Mahe ba zai taɓa samun lasisin ciniki da sunan kansa a ƙasar Ghana ba, kada in wahalar da tsufana. Ma'ajinmu kuwa, wanda bai iya barin magana ta wuce shi ba, ya ƙara da cewa ranar da na kawo wannan lasisi, ranar ce Alhaji Tukur zai kira sunan ɗansa da bakinsa. Aka yi dariya har da masu jiran sa hannu a bakin ƙofa. Ni ban yi ba. Mutumin da ya yi makaranta a zamaninmu ba ya dariya a kan aikin da ke gabansa.

A lokacin ni ne babban jami'in ƙungiyoyin gama-kai, a shekarata ta ƙarshe kafin ritaya. Aikinmu shi ne mu yi wa ƙungiyoyin manoma da 'yan kasuwa rajista, mu duba tafiyarsu, mu kuma raka su inda takarda ta fi ƙarfinsu. Ƙungiyar da nake magana a kanta ta haɗa masu albasa na Boɗinga da na Shagari, shugabanta kuwa shi ne Alhaji Tukur na Dandin Mahe, dattijo mai tsawo, mai ƙarancin magana. Tun zamanin iyayensu suna kai albasa Kumasi, amma kullum a bayan dillali suke fakewa, domin shi ke da izinin sayarwa. Wannan karon sun sami sito a can, sun loda babbar mota, suna so su yi sari da sunansu. Sharaɗin mai siton shi ne su nuna lasisi kafin su sauke ko buhu ɗaya.

Wanda bai san ƙa'ida ba, ga yadda aka bayyana mana ita. Baƙon da ke son ciniki a ƙasar da ba tasa ba sai ya yi wa sana'arsa rajista, ya nuna wurin da zai zauna, ya kawo ɗan ƙasa da zai tsaya masa, sannan ya naɗa wakilin da zai zauna a can ya amsa kiran hukuma. Ƙungiya ta zaɓi Haruna, ɗan farin Alhaji Tukur, magidanci mai iyali, wanda ya san hanyar Kumasi kamar hanyar gonarsu.

A nan ne maganar ma'aji ta samo tushe. Ku yaran yanzu da ke ɗaukar 'ya'yanku hoto kuna rungume da su, sai na yi muku bayani. A wurin mutanenmu na da, ɗan fari abin kunya ne. Uba ba ya kiran sunansa, ba ya yabonsa, ba ya zama da shi a tabarma ɗaya. Ga Alhaji Tukur kuma abin ya ninku, domin Haruna sunan mahaifin Alhajin ya ci. Duk Dandin Mahe an san cewa idan Alhaji ya ce "wancan", Haruna yake nufi. Mun yi doguwar tafiya a mota ɗaya, ni a tsakiyarsu, kuma duk saƙon da ya wuce tsakanin uba da ɗa ta kaina ya bi. Alhaji zai ce in gaya wa wancan ya sha ruwa, ni kuma in juya in gaya wa wancan, alhali gwiwarsa na gugar tawa.

A Kumasi komai ya tafi bisa tsari, kuma ba zan ɓoye cewa Turancina ya taimaka ba. Turanci ne na asali, wanda aka koya mana da bulala, ba irin na waya ba. Maigidan da muka sauka wurinsa a zango ya tsaya mana, aka duba sito, aka karɓi takardunmu. Saura mataki ɗaya: shugaba ya bayyana a gaban jami'ar lasisi tare da wakilinsa, ya tabbatar da bakinsa cewa ya san shi kuma shi ya naɗa shi. Na ɗauka wannan aikin shan shayi ne.

Jami'ar mace ce mai kamala, wadda ta kusa kai shekaruna, ba ta jin Hausa ko kaɗan. Ta karɓe mu da mutunci, ta rantsar da ni a matsayin tafinta cewa ba zan ƙara ba kuma ba zan rage ba. Sannan ta nuna Haruna, ta tambayi Alhaji ko wannan ɗansa ne.

Alhaji ya ɗaga kai ya dubi fankar da ke juyawa a sama, ya ce, "Haka mutane ka cewa."

A Dandin Mahe wannan amsa ce ta mutumin kirki. Ni kuwa na yi rantsuwa, don haka na fassara ta daidai yadda ta fito, kuma har gobe ina da yaƙinin fassarar ba ta da aibu. Jami'ar ta ajiye biro. Ta ce, to, ya faɗi sunan mutumin.

Alhaji ya juyo gare ni. "Malam, ba ga shi nan rubuce gabanta ba? Mi taka so in hwaɗi kuma?"

Na nemi izinin in faɗa a madadinsa, ta ce ni tafinta ne, ba shugaba ba. Na yi mata bayanin kunyar ɗan fari da mafi kyawun Turancin da na mallaka. Ta saurara har ƙarshe, ta ce ta ji, amma ita ma in ji nata: ta sha ganin baƙi suna ɗauko mutum a tasha su ce ɗansu ne, a ba shi wakilci, in rigima ta tashi kowa ya ce bai san shi ba. Ga dattijo bai dubi wannan mutum ko sau ɗaya ba tun da suka shigo, bai amsa cewa ɗansa ne ba, kuma bai san sunansa ba. Ta ce in gaya mata abin da zan yi da ni ne a kujerarta. Gaskiya da ni ne, da na kore mu tun tuni.

Alhaji ya gwada dabarunsa. Ya ce sunan yaron irin na mai gyaran keke ne na bakin kasuwar Shagari. Ya ce sunan liman ne na wani ƙauye kusa da su. Na fassara duka biyun. Jami'ar ta ce ba ta taɓa zuwa Shagari ba. Na roƙa a bar Haruna ya fita waje, ta ce ƙa'ida ta ce a gaban juna. A can tasha kuwa motarmu na tsaye cikin zafin kudu mai ɗanshi, direba ya riga ya aiko cewa albasar da ke ƙasa ta fara gumi, kuma duk wanda ya san albasa ya san abin da ke biyo bayan gumi. Noman rani na gidaje da yawa ne a cikin motar nan.

Sai jami'ar ta rufe fayil. Ta ce tunda shugaba bai tabbatar ba, dole ta rubuta cewa wannan mutum ya gabatar da kansa da dangantakar da ba a tabbatar ba, kuma hakan zai hana shi wakilci a nan gaba. Haruna ya sunkuyo ya ce mini in roƙe ta ta cire sunansa a sa na wani, kada a takura wa Baba.

Alhaji ya tambaye ni abin da za ta rubuta. Na gaya masa dalla-dalla: za ta rubuta cewa yaron ya yi ƙarya.

Dattijon nan ya miƙe tsaye, ya gyara babbar rigarsa, ya juya wa ɗansa baya, ya fuskanci bango inda aka rataye kalanda. Da bangon ya yi magana.

"Hwaɗa mata ɗana ne. Sunanai Haruna. Tun da aka haihe shi bai taɓa yi man ƙarya ba, ba kuwa za a rubuta mai ita ƙasar wasu ba."

Na buɗe baki zan fassara, jami'ar ta ɗaga hannu ta ce ta ji sunan, sauran kuma ta gani. Haruna ya durƙusa kamar mai neman abin da ya faɗi a ƙasa, ya daɗe bai same shi ba. Ni ma sai da na goge tabarauna. Ta buga hatimi, ta sa hannu, kafin la'asar an fara sauke albasa a sito da sunan ƙungiya.

Abin da na koya, kuma nake so ku ƙananan ma'aikata ku riƙe, shi ne ofis yana son a faɗi komai da baki, mutanenmu kuwa abin da suka fi ƙauna shi suka fi rufe baki a kansa. Ba laifin ofis ba ne, ba laifinsu ba ne. Aikin jami'i ne ya san duka biyun kafin a hau mota. Tun daga ranar, duk wanda ya zo neman shawarata kan wakilci, tambayata ta farko ita ce ko wakilin ɗan fari ne.

Da muka dawo na ajiye lasisin a teburin Darakta, sannan na nemi ma'aji na shaida masa cewa maganarsa ta cika duka biyun a rana ɗaya. Bai yarda ba, ya tafi har Dandin Mahe ya tambaya. Alhaji Tukur ya ce masa shi bai tuna ba, kuma in ma an yi, ai ƙasar waje ce, da Turanci aka yi komai. Har yau "wancan" yake cewa. Haruna kuwa in aka tambaye shi sai ya yi murmushi ya ce shi a lokacin yana neman abu a ƙasa.

Saboda haka, tunda shaidu biyu sun noƙe, ni da na yi rantsuwa nake so a rubuta a ajiye: ranar Alhamis ta ƙarshe a watan Sha'aban, a shekarar da na ajiye aiki, tsakanin azahar da la'asar, Alhaji Tukur na Dandin Mahe ya kira sunan ɗansa, kuma da Hausa ya kira shi.