Lambar Kofato

Shekarar da soja suka miƙa mulki ga farar hula aka sallami kawuna daga aiki, yana da muƙamin manjo. Ya dawo gidan gado a Ƙofar Guga da akwatin ƙarfe guda, ciwon suga kuma ya fara cin ganinsa. Ni kuwa na gama jami'a ina jiran kiran bautar ƙasa, sai na ƙudurta rubuta tarihinsa tun yana iya bayarwa, domin ba shi da ɗa, kuma babu wanda ya san rayuwarsa ta bariki sai shi.

Ya amince. Kullum bayan la'asar mukan zauna a dakalin ƙofar gida tare da abokansa biyu na ƙuruciya, wani tela da wani Alhaji mai hatsi a Babbar Kasuwa. Ya ba ni labarin shigarsa soja, da tura shi rundunar dawaki, da sintirin kan iyaka inda mota ba ta ratsawa. Ko ina zance ya nufa, sai ya biyo ta kan wani akawal, baƙin doki da ya hau shekara bakwai, ko takwas, ban tabbatar ba. Ya ce ciwon ciki ya kashe shi a daji, kansa bisa cinyarsa. Har lambar dokin ya faɗa mini, na rubuta.

An koya mini cewa maganar baki ba ta zama tarihi sai an gwada ta da takarda. Da izininsa na buɗe akwatin. A rundunar, kowane doki ana ƙona masa lamba a kofato. Idan an gama da shi ba a sayarwa, harbe shi ake yi, a yanke kofaton a kai ofis shaida. Na samu takardar dawakin da aka harbe lokacin da aka rushe rundunar aka ba su motocin sulke. Lambar akawal ce ta uku, sa hannun kawuna yana ƙasa.

Da na bari mun keɓe, da wataƙila labarin bai yanke ba. Amma ina tsoron kuskure ya kwana a littafina, sai na fito da takardar a dakali.

Telan yana cikin tsokanarsa: "Manjo, yanzu hwa mulki namu ne. Mu za ka sara mawa!"

"Kai da ko jaki ya kada ka?" in ji kawu, suka yi dariya.

Na ce, "Kawu, gafara dai. Lambar nan ta dokinka ce? Na ga an rubuta harbe shi aka yi."

"Mi ka ce?"

Na maimaita, har da karanto lambar.

Alhaji ya ce, "Kai ɗan boko, tashi ka ɗebo muna ruwa."

Kawu ya ɗaga hannu. "Bar shi, Alhaji, gaskiya ya karanta. Ban yarda wani ya taɓa shi ba, ni na yi." Ya lalubi sandarsa ya shige gida, ko sallama babu.

Washegari na fito da littafi, ya ce kansa na ciwo. Na durƙusa na ba shi haƙuri, mahaifiyata ma ta sa baki, ya ce ai ban yi laifi ba. Ya ci gaba da amsa gaisuwata cikin sakin fuska, yana tambayar ko takardata ta bautar ƙasa ta zo, amma bai ƙara ambaton soja ba, ko da abokansa sun ja shi.

Mun tsaya a shekararsa ta goma sha ɗaya a aiki. Ina kudu wajen bautar ƙasa aka aiko mini da rasuwarsa. Na tambayi tela, na tambayi Alhaji, na rubuta wa hedkwatar soja sau biyu ba amsa. Sauran shekarun nasa, kusan ashirin, babu abin da na sani a kansu sai sunayen barikoki.