Mai Layi na 'Yan Kumfa

A rediyo na fara jin sunan. Ina aji uku na firamare, Umma tana guga a tsakar ɗaki, mai sharhin wasa yana ta zuba, sai ya ce, "Fili kam ya fito tsaf, aikin Mai Layi ne." Umma ta ajiye dutsen guga ta ce, "Kin ji, kawunki ake faɗa." Ni a lokacin Kawu kawai na sani, dogon mutumin nan da kullum ƙafar wandonsa take fari fat kamar ya taka gari.

Kawu yayan Umma ne, ciki ɗaya. Yana ɗan shekara goma sha tara ya shiga kamfanin sabulu, sashen ɗaukar kwali. Ma'aikatan kamfanin ne suka kafa ƙungiyar ƙwallo a filin bayan sito, mutane suka laƙaba musu 'Yan Kumfa, wai yanzu za su taso, yanzu su kwanta. Kawu ya gwada wasa sau biyu, ƙwallo ta ƙi shi, shi ma ya ƙi ta. Sai aka miƙa masa bokitin farar ƙasa da buroshi mai dogon mariƙi, aka ce ya riƙa zana layukan fili kafin a samu wanda ya iya. Shekara talatin da ɗaya ke nan ba a samu ba.

A kan layinsa ƙungiyar ta hau rukunin farko, ta yi kaka biyu tana karɓar manyan baƙi. Daga nan kamfani ya rufe, ƙungiya ta gangaro rukuni na biyu, ta sake gangarowa na uku. 'Yan wasa suka watse, aka riƙa sauya koci kamar riga. Mai Layi dai yana nan, makullin ɗakin kaya a wuyansa.

Yana da yadda yake aikinsa. Gajerun layuka yakan auna su da igiya mai ƙulle-ƙulle. Dogon layin gefe ɗaya katanga ce ke yi masa jagora. Ɗayan kuwa, na ɓangaren 'yan kallo, shi ne abin alfaharinsa, don bai taɓa ja masa igiya ba. Zai tsaya a kusurwa, ya kafa ido a kan bututun hayaƙin tsohon kamfani da ke can nesa, ya miƙe yana jan buroshi ba ya kallon ƙasa, har ƙafarsa ta taɓa turken ƙarfen da ya binne a ɗaya kusurwar. Idan an yi masa maganar igiya sai ya ce, "Mai ido ba ya neman ɗan jagora."

Umma ce ta fara lura. Ya zo gaishe ta, ya ɗauki buta zai zuba ruwa a kofi, ya zuba a kan tabarma.

"Yaya, idon nan fa farar yana ce ta rufe shi. Mu je asibiti."

"Ke Auta, kofin naki ne ƙarami."

"To ai da shi ka saba sha."

"Bari kaka ta ƙare," ya ce, ya sauya zance.

Kakar bara kuwa ba ta yi wa 'Yan Kumfa daɗi ba. Wasa tara a jere ba nasara, suna na biyu daga ƙarshe, kuma wanda ya faɗo daga rukuni na uku ya bar sahun ƙwararru ke nan. Saura wasa biyu, duk a gida, aka tafka ruwan da ya wanke layukan fili tas. Kawu ya fito da bokitinsa, ya tsaya a kusurwa. Abin da yake gani a nesa dogon duhu ne kawai, kuma a watannin nan an kafa ƙarfen sabis na waya kusa da bututun. Shi ya bi. Da ya kai ƙarshe ya laluba da ƙafa bai ji turke ba, ya ɗauka yara ne suka tuge shi, ya haɗe layinsa ya tafi.

Washegari alƙalin wasa ya shigo, ya tsaya, ya karkata kai. Fili ya buɗe ta ƙarshe ɗaya kamar bakin siket, ƙarin taku huɗu cur. Wani daga cikin 'yan kallo ya ce, "Mai Layi ya ƙara mana fuloti." Magoya bayan baƙi suka ɗauka da dariya. Awa guda ana gogewa ana sakewa, Kawu yana tsaye da buroshi, ya rasa inda zai sa kansa. Aka ci 'Yan Kumfa biyu da nema. Hukumar gasa ta aiko takarda cewa idan aka sake, wasan ƙarshe a wani filin za a buga.

Shugaban ƙungiya ya kira shi ofis. Ba mugun mutum ba ne, tsoro ne ya kama shi. "Baba, ka yi mana ƙoƙari. Zan ɗauko mai fenti ya yi na ƙarshen. Kai ka huta."

Kawu ya ce to. Kwana huɗu bai leƙa fili ba. Barin aikin bai dame shi kamar yadda zai bar shi ba, a ce karkataccen layin nan ne na ƙarshe da ya ja.

Ana gobe wasa da safe ya je mayar da makulli. Sai ya tarar da 'yan wasa a fili, sun miƙa doguwar igiya daga kusurwa zuwa kusurwa, sun jeru a kanta cikin jajayen rigunansu, taku goma tsakanin mutum da mutum. Kyaftin ɗinsu, ɗan baya da ake ce wa Katanga, ya tare shi da bokiti a hannu, har an dama farar ƙasa.

"Baba, ka makara. Tun ɗazu muke shan rana."

"Me kuke yi haka?"

"Horo ne. Koci ya ce ba mu iya tsayawa a layi ɗaya ba, shi ya sa ake cin mu."

"Ni an sallame ni, yaro."

"Mun je wajen Shugaba. Mun ce masa mai fentin ya je ya shafe masa ofis. Ga turkenka nan na tono, ba wanda ya tuge shi. Ka taho daga riga zuwa riga kawai."

Kawu ya san Katanga ya gane komai, ya kuma san ba zai taɓa furtawa ba. Ya karɓi buroshi. Jar riga a taku goma yana iya ganinta. Ya nufi ta farko, mai ita ya matsa, ya nufi ta biyu. Da ya iso kan gola sai ya ce, "Kai, janye min ƙafarka, ba ka tare ƙwallo sai buroshi." Suka kwashe da dariya. Haka ya bi su har ƙafarsa ta taɓa ƙarfe.

Washegari alƙali ya auna fili ya same shi daidai. Maki ɗaya suke nema, aka tashi ɗaya da ɗaya, 'Yan Kumfa suka tsira. Bayan mako biyu Umma ta kai Kawu asibiti aka cire masa yanar, Katanga ne ya tuƙa su. A kakar bana sun buga takwas, sun ci huɗu, sun yi canjaras biyu, kuma har yanzu Kawu ke jan layi. Mu a gidanmu ba a ambaton yaran nan sai da sa albarka.

Ranar da aka yi masa aikin na kai masa ruwan zafi ɗakin jinya. Yana kwance, ido ɗaya a naɗe, ya bari sai da Umma ta fita sannan ya yafito ni.

"'Yar Auta, ke ba kya min ƙarya. Duk ranar da na ja layi, ki zo ki hau can saman benci ki duba min. In kin ga ya karkace, ki sauko ki gaya min a kunne, kafin wani ya faɗa."