Ranar da Ɗan Wana Ya Zaunar da Ni a Filin Goronyo

Ko da tsufa zai sa in manta ranar aurena, ba na jin zan manta ranar da masu zaɓen 'yan ƙwallo suka zo Goronyo. Ba ma halin in manta, domin har yau in na taho a kan babur, sai wani ja'irin yaro, wanda ko auren uwarsa ba a ɗaura ba a lokacin, ya laɓe bayan katanga ya ƙwala mini, "Baffa, haɗe ƙahwahu!"

Bari in fara da yadda na zama Baffa. Mahaifinmu ya auri mahaifiyata da furfurarsa, lokacin babban wanmu ya riga ya ajiye iyali. Shekara ɗaya aka haife ni da ɗan wan nawa, ya ma riga ni shan iskar duniya da 'yan watanni. Tare aka yi mana kaciya, tare muka shiga makarantar allo, tare muka sha bulala. Amma wana mutum ne da ba ya wasa da ƙa'ida. Ranar da ya ji yaron ya kira ni da sunana, sai ya murɗe masa kunne ya ce, "Ƙanen ubanka na. Baffa za ka ce mai, kuma kak in sake ganin ka yi gardama da shi." Daga ranar na samu sarauta, na kuwa riƙe ta hannu bibbiyu. Ni ke aikensa, shi ke ɗaukar buhun da ya fi nauyi, in aka sa tsoka ɗaya a miya tawa ce. Abu ɗaya ne sarautar ba ta ba ni ba: a kwanon yara nake cin tuwo, don wana bai ga na isa zama a kwanon manya ba.

Muna tasowa ruwan dam ya riga ya canza garinmu. Rani ya daina zama lokacin zaman banza. Da safe muna gonar albasa muna ban-ruwa, da la'asar muna fili bayan hanyar ruwa muna buga ƙwallo ba takalmi. Shi ɗan gaba ne, ni ɗan baya, kuma kullum gefe ɗaya muke. In kuwa tsautsayi ya raba mu a wajen motsa jiki, da ya iso gabana sai ya miƙa wa wani ƙwallon. Ni a nawa wayon tsorona yake ji. Har na sa wa kaina suna Katanga, ina tafiya ina buɗe hannuwa kamar mai ƙurji a hammata.

Sai labari ya zo cewa wata babbar ƙungiya ta turo mutane daga Sakkwato su duba matasa, waɗanda suka yi musu za a tafi da su a horar da su, su riƙa wasa ana biyansu. An ce daga kowane gari mutum ɗaya za su ɗauka. A garinmu kowa ya san magana tsakanina da ɗan wana take. Wana kuwa ya riga ya yanke hukunci. Ya ce wa ɗansa ya je wannan karon kawai, in ba a ɗauke shi ba, shi da ƙwallo har abada, zai damƙa masa injin ban-ruwa ya zauna gona. Ni ba wanda ya gindaya mini komai. Ni Baffa ne.

Ranar, filin ya cika maƙil. Ga 'yan Wurno, ga na Rabah, ga na Marnona sun cika motar haya har saman kaya. Shugaban masu zaɓen wani tsohon ɗan wasa ne mai ɗingishi, Hausarsa ta Kano, ba ya dariya sai ta kama dole. Ya jera mu a rana yana dubawa kamar mai sayen rago a kasuwa: ya taɓa kafaɗa, ya matsa ƙwauri, ya sa mu gudu, ya sa mu tsalle. Wani daga Gandi ya rantse masa bai kai shekara ashirin ba. Mai ɗingishi ya shafa haɓarsa, ya ji kaushin sabon aski, ya ce masa ya koma gida ya gai da iyali.

Da aka tace aka tace, sai ya ce yana son ya ga ɗan gaba da ɗan baya, mutum da mutum. Ya tambayi 'yan garinmu wa ya fi iya tsare gida, na ɗaga hannu tun kafin a nuna ni. Ya tambaye su wa ya fi iya ci, aka nuna ɗan wana. Bai san komai game da gidanmu ba, ya hura usur.

Yaron ya taho da ƙwallo a guje, sai da ya zo dab da ni ya rage gudu, ƙwallon ta gangaro ƙafata, na doka ta waje. 'Yan garinmu suka ɗauki ihu, "Katanga! Katanga!" Na ji kaina ya yi girma. Mai ɗingishi ya ce a sake.

A karo na biyu ne abin ya faru, kuma ba wanda ya gani sai ni da shi. Ya taho, kafaɗarsa ta karkata hagu, na bi ta da dukan nauyina. Kafin in ankara ƙwallon tana dama, ni kuma na riga na tafi, ƙafata ɗaya a sama, ƙasa kawai nake jira. Hanya a buɗe take har raga. Sai na ga ya taka ƙwallon, ya jawo ta baya, ya ajiye mini ita a kan ƙafata a hankali, yadda ake miƙa wa babba buta. Har da cewa ƙasa-ƙasa, "Sannu, Baffa."

Jama'a suka sake ihu, amma ni ban ji daɗin ihun ba. A tsaye a wurin na tuna duk yammacin da ya iso gabana ya ba wani ƙwallo. Ashe katangar tawa shi ya gina ta, shi ke tallabe da ita duk shekarun nan. Na ji mai ɗingishi yana ce wa abokin aikinsa, "Yaron yana da ƙafa, amma ba shi da zuciya. Wannan na bayan za mu duba." Wallahi na ji daɗin maganar, ba zan ɓoye ba. Na hango kaina a Sakkwato da takalmi mai ƙusa. Sai kuma na hango wana can gefen fili, jingine da kekensa, mutumin da ya ce ƙwallo aikin marasa aikin yi ne. Ya zo ya ga ƙarshen abin da idonsa.

Aka ba mu hutun shan ruwa kafin gwajin ƙarshe. Na ja yaron gefe, na ɗaure fuska irin ta wana.

"Kai, mi kaka yi haka?"

"Mi niy yi, Baffa?"

"Kak ka raina man wayo. Ka wuce ni, kak komo."

Ya sunkuyar da kai yana murza yatsan ƙafa a ƙasa. "Baffa, gaban mutane? Ga Baba can shina kallo. In nik kada ka, da wane ido za ni shiga gida?"

"Wa ab babba tsakaninmu?"

"Kai na."

"To ni ka ba ka umurni. Ka wuce ni. Kuma ba barin ka za ni yi ba, da ƙarfina za ni tare ka. In kas sake aje man ƙwallo ga ƙahwa, kak ka ƙara ce man Baffa."

Ya ɗago ya dube ni, idanunsa sun kawo ruwa. Ya ce, "Baffa, ka yahe man tun yanzu."

Na ce na yafe. Da na san abin da nake yafewa, da na nemi ragi.

Aka hura usur. Na buɗe ƙafafu, na kafe, na ce yau ko ni ko shi. Ban ga komai ba. Iska kawai na ji ta bi tsakanin ƙafafuna, na juya in bi ta, ƙafafun suka harɗe, na zauna daɓas. Kafin in ɗago, ƙwallo na cikin raga, fili ya kece da ihu. Maimakon ya yi murna, sai ga shi ya dawo a guje, ya durƙusa gabana yana kaɗe mini wando yana cewa, "Yi haƙuri, Baffa, ba ka ji ciwo ba?" Nan ne mai ɗingishi ya yi dariyar da ta kama dole, har da riƙe ciki. Ya tambaya aka ba shi labarin gidanmu. Ya ce, "To Baffa, tashi a sake, ina so in tabbatar."

Aka sake. Aka kuma sakewa. Kowane karo ta sabuwar hanya nake zama, kowane karo sai ya dawo ya ba ni haƙuri, har na ce masa ya bar haƙurin, shi ya fi faɗuwar zafi. Shi aka ɗauka. Ni mai ɗingishi ya dafa kafaɗata ya ce in riƙe noma da kyau.

Na koma gida a ƙafa ta bayan gari, don kada in haɗu da kowa. Raina ya ɓaci ƙwarai, har na yi ƙwalla a hanya. Ga kunya, ga Sakkwato ta wuce ni, ga fargabar abin da wana zai yi wa ɗansa. Bayan magariba aka fito da tuwo, na nufi kwanon yara kamar kullum. Sai na ji muryar wana daga kan tabarmarsa.

"Ina za ka?"

Na tsaya.

"Na ga sa'ad da kaj ja shi gehe," in ji shi. Ya matsa, ya tura kwanonsa tsakiya. "Taho nan. Wanke hannu."

Ban taɓa cin tuwon da ya yi mini wuyar haɗiya kamar na ranar ba, ban kuma taɓa cin mai daɗinsa ba.

Ɗan wana ya yi shekaru yana wasa, ya ga garuruwan da ni sai a rediyo nake jin sunansu. Yanzu ya dawo, shi ma da furfurarsa, yana koya wa yara ƙwallo a filin nan namu, kuma har gobe in ya gan ni sai ya rusuna. Ni kuwa abin da na koya shi ne, duk shekarun da nake aikensa ina cinye tsoka, sunan Baffa kawai nake ɗauke da shi. Ban zama baffan kowa ba sai ranar da na tsaya a gaban ɗana, na ce ya wuce ni, na zauna a ƙasa ina kallon bayansa.