Gwiwar Da Na Ɓoye Wa Likita

Assalamu alaikum Edita. Na daɗe ina ɗaukar biro ina ajiyewa kafin na iya rubuto wannan wasiƙa, kuma ina roƙon a sakaya sunana. Lokacin da abin ya faru shekarata talatin da huɗu, ni ne mataimakin kocin ƙwallon ƙafa na wata kwaleji a nan Doha, kuma in faɗi gaskiya, mutum ne ni mai ci da zuci. Asalina ɗan wasa ne. A gida ɗan tsakiya nake bugawa, har an fara maganar kai ni gwaji wata babbar ƙungiya, sai gwiwata ta hagu ta fara ciwo ana saura kwana kaɗan wasan ƙarshe na wata gasa. Kocinmu ya sa aka gasa min ita da ruwan zafi, aka shafa man zafi, aka ɗaure da bandeji, ya ce namiji ba ya raki. Minti ashirin na yi a fili jijiyar ta tsinke. Tun daga ranar nake ɗingishi, kuma na yi shekaru ina ja wa mutumin nan Allah ya isa a zuciyata.

Da ƙafa ta ƙi, sai na koma ɗaukar wa wasu ƙwallo. Na yi mataimakin koci a wata kwalejin ilimi a can gida, abin bai kai ni ko'ina ba, na tattara na taho Doha aikin gadi a wani sito da ke Sana'iyya. Kowace Juma'a bayan La'asar ma'aikata kan taru a wani fili, ni kuma bakina ba ya shiru, ina gefe ina tsara musu wasa ina daka tsawa. A nan wani dattijo ɗan Tunisiya, babban kocin kwalejin Doha da na ambata, ya gan ni. Shi ya tsaya min na yi kwas, ya shige min gaba aka sauya min kafil, wato mai ɗaukar nauyin zamana a ƙasar, ya ɗauke ni mataimakinsa, na samu ɗaki a Ain Khalid. Shekara biyar ina jera alamomin atisaye, ina kallon bidiyon abokan karawa har idona ya yi ja. Sai dattijon ya ce ƙarshen kaka zai yi ritaya. Hukumar kwaleji ta rasa wanda za ta ɗauka tsakanina da wani baƙo da ya fi ni takardu, aka raɗa min cewa in muka ci kofin kwalejoji, kujerar tawa ce. Wallahi daga ranar ban sake ganin komai ba sai kofin nan.

Mai ci mana ƙwallo wani ɗalibi ne ɗan Gusau, yana karatun injiniya. Mu biyu ne kaɗai Hausawa a ƙungiyar. Yana kirana Yaya, yakan zo ɗakina mu tuƙa tuwo, ina tsokanarsa da cewa ƙafarsa ta fi kansa ilimi. Wata ƙungiya ta nan ta riga ta yi masa alkawarin gwaji bayan gasar, kuma babu abin da yake mafarki sai wannan. Dokar wurinmu a fili take: duk ɗan wasan da ya ji ciwo, komai ƙanƙantarsa, sai a gaya wa likitan ƙungiya, shi kuma ya ajiye shi har sai an ɗauki hoto. Ana saura kwana uku wasan ƙarshe, bayan atisaye, yaron ya same ni a bakin fili, likitan na tsaye kusa da mu. Ya ce min da Hausa gwiwarsa ta hagu tana zillewa in ya juya, har yana jin wani ƙas a ciki. Duk duniya ba wanda ya fi ni sanin wannan ƙas ɗin. Likita ya tambaye ni me yake cewa. Na buɗe baki na ce takalminsa ne ya matse shi.

Na ɗauke shi zuwa ɗakina, na dafa ruwa, na gasa gwiwar da tawul, na shafa man zafi, na nuna masa yadda zai ɗaure ta a ƙarƙashin dogon wandon roba don kada a gani. Ya tambaye ni a hankali ko ba gara a gaya wa likita ba. Na hau shi da faɗa, na ce mutanen nan ko ƙaya ce ta soke ka sai su kwantar da kai wata guda, mu a gida da me muka saba? Sai kawai na ji bakina yana cewa namiji ba ya raki. Na ji kalmar, na gane muryar wanda ya taɓa faɗa min ita, amma ban janye ba. Ya sunkuyar da kai ya ce tunda Yaya ya faɗa, shi ke nan. Da wani koci ne ya ce masa haka, na tabbata da ya yi gardama. Ni ɗan gida ne kuma babba, kunyata ce ta rufe masa baki, kuma na san haka sarai.

Ranar wasa shi ya ci mana ƙwallo kafin hutun rabin lokaci. Bayan an dawo ya karɓi ƙwallo zai juya, ba wanda ya taɓa shi, ya zube yana dukan ciyawa da hannu. Mun ci kofin da wannan ƙwallon nasa guda. A asibiti likita ya tambaye shi ko ya taɓa jin ciwo a wurin kafin ranar, don da an sani da hutu da gashi na asibiti sun isa. Ya ɗago ya kalle ni, sannan ya ce a'a. Sau biyu aka yi masa aiki, maganar gwaji ta mutu. Ni kuwa aka ba ni kujerar, dattijon ya rungume ni yana cewa bai yi zaɓen banza ba. Kaico! Sau ɗaya na je duba yaron, daga nan na riƙa fakewa da aiki, don ba na iya haɗa ido da shi.

Bayan shekara biyu muka yi kiciɓis a tashar jirgin ƙasa ta Mushairib. Jama'a na ta gudu a matakala, ni na nufi lif saboda ƙafata, sai ga shi shi ma ya nufo wurin, yana jan ƙafar hagu. Ya gaishe ni da ladabi, ya ce Yaya, ya tambayi 'yan wasa. Na kasa daurewa, na roƙi gafararsa a gaban mutane. Ya ce ya yafe tun yana gadon asibiti, ya gama karatu, ya samu aiki, alhamdu lillahi. Abu ɗaya kawai ya ce yana damunsa: ni da na ba shi labarin gwiwata da bakina muna cin tuwo, me ya sa na yi masa haka?  A makon na je na faɗa wa likita da hukuma gaskiya, aka sauke ni, na koma jera alamomi a ƙarƙashin wani. Ban ce an zalunce ni ba.

Abin da na koya shi ne, wanda aka cuta ba ya tsira daga zama macuci don kawai ya san zafin abin. Ina kira ga duk wanda aka ba amanar 'ya'yan mutane, koci ne ko malami ko ubangida a wurin aiki, musamman mu da ke ƙasar waje: in ɗan'uwanka ya kawo maka kukansa da harshen gida, don ya yarda da kai ne, kada ka mai da yardar nan tsanin hawanka. Ku kuma matasa, in jikinku ya yi ciwo ku faɗa wa likita da bakinku, ko wane ne ya ce ku yi shiru. Kofin yana nan a kabad ɗin kwaleji, ba mai kallonsa. Ni dai abin da nake gani kullum shi ne ƙofar lif ɗin nan ta buɗe, ya matsa ya ce in fara shiga, mu biyu muna ɗingishi da ƙafar hagu.