Ramin Bayan Ɗakin Jan Ƙafa

Jan Ƙafa ake ce masa, kuma ba sharri aka yi masa ba. Tun yana saurayi yake taka kwaɓin ƙasa, har launin ya zauna masa daga tafin ƙafa zuwa ƙwauri, sabulu ya yi iya yinsa ya haƙura. Matarsa kan ce ko ɓata ya yi a kasuwa ba sai an yi cigiya ba, a duƙa kawai a duba ƙafafun jama'a. Magini ne na ƙasa, irin waɗanda in sun ga katangar wani ta karkace sai abinci ya ƙi shiga, alhali ba su aka ba aikin ba.

A hannun wani tsohon magini ya koyi sana'ar, mutum mai faɗan tsiya wanda bai taɓa yabon aikin kowa ba. Wurinsa ya san ƙasar da za ta yi gini da wadda za ta ci amanar mai ita: a damƙe ta a jiƙe, a saki, in ta riƙe siffarta to ta yi. Ya koyi daddatsa busasshiyar ciyawa a zuba a kwaɓi, a taka, a rufe a bar shi har ya fara tsami, sannan a mulmula tubali a jera a rana. Tsohon yana da doka guda da yake maimaitawa har ta gundure su. In za a haƙi ƙasa a haƙa da faɗi, kada a nutsa, kuma ko yaya a bar gefe ɗaya a kwance, yadda duk abin da ya faɗa zai iya hawowa da ƙafarsa. Samari na ji suna zunɗen juna, a ganinsu tsoho awakin mutane kawai yake tausayi.

Jan Ƙafa ya yi aure, ya gina wa rabin unguwa ɗaki, shi kuwa yana kwana a ɗakin aro. Suka haifi 'ya mace mai bakin tsiya, duk abin da aka faɗa sai ta maimaita, shi ya sa ake kiran ta Aku. In uban yana bisa katanga ya ce wa masu miƙo tubali, "Jefo!" sai a ji ƙaramar murya daga ƙasa ta ce, "Jefo!" ma'aikata su kwashe da dariya. Ya so yarinyar nan so mai tsanani, bai kuma iya ɓoyewa ba.

Shekarar da ya samu fili a bakin gari, damina ta kusa, ga shi ya ci alwashin ba zai sake yin wata daminar a ɗakin wani ba. Da ya sa diga a bayan filin sai ya tarar da ƙasar da magini kan yi shekaru bai gamu da irin ta ba, ja, mai danƙo, babu tsakuwa ko ɗaya. Sai dai ba a shimfiɗe take ba, can ƙasa ta nutsa, kamar jijiya. Wanda bai san ƙasa ba da ya haƙa ko'ina ya wuce. Shi da ya sani ya kasa barin ta. Ya bi ta yana nutsawa, yana sare gefen a miƙe kamar mai gina rijiya, har sai da ya zamana da tsani yake shiga. Dokar tsoho ta faɗo masa a rai, ba wai bai tuna ba. Ya ce bari a rufe ɗaki tukuna, bayan damina ya kwantar da gefen.

Ɗaki ya yi kyau, wannan ko maƙiyi ya shaida. Bango mai kauri, da rana sanyi kamar randa, yaɓen kuwa da hannunsa ya yi shi. Suka tare, Aku tana shiga tana fita tana gwada muryarta a sabon ɗaki. Ruwa ya sauka kamar da bakin ƙwarya, ramin ya cika ya batse, ya zama kududdufi. Wata la'asar bayan an ɗauke ruwa, uwar tana mayar da shanya kan igiya, ta waiwaya ba ta ga yarinya ba. Ba a daɗe ana nema ba. Wani maƙwabci ne ya shiga kududdufin ya fito da ita.

Masu gaisuwa suka ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa, kwananta ne ya ƙare. Jan Ƙafa ya amsa, don shi ma ya san haka ne. Amma da rani ya yi, ruwan ya janye, ya sa tsani ya sauka. A jikin gefen nan da ya sare a miƙe ya ga shatin ƙananan yatsu a busasshiyar laka, sun ja daga sama zuwa ƙasa, ba wuri ɗaya ba. Mutum ne da in ya kalli yaɓe yake gane hannun wanda ya yi, saboda haka ba ya bukatar a faɗa masa na waye. Ya jiƙa ƙasa ya shafe su da tafinsa, ya hau, bai gaya wa kowa ba.

Daga nan ya zama wani mutum dabam, ko da yake sana'a bai bari ba, don ciki ba ya makoki. Ya daina cewa "Jefo!" In yana son tubali sai ya buga cinya, domin duk lokacin da ya faɗi kalmar sai ya tsinci kansa yana sauraron amsa. Duk inda aka ba shi aiki, kafin a mulmula tubali ko ɗaya sai ya gyara gangaren ramin, ya sauka ya hau da ƙafarsa ya tabbatar. Masu gida su yi ta ƙorafin ɓata lokaci. Matasan magina kuwa suka samu abin tsokana. "Baba, wannan titi da kake yi wa kwaɗi, kwalta za a zuba?" Yakan ce musu, "Ku dai ku yi yadda na ce," ya ci gaba da sara.

Babban ɗakin bai sake kwana a cikinsa ba. Ya kafa 'yar rumfa a tsakar gida ya ce shi iska yake so, kowa kuma ya yi kamar ya yarda. In damina ta yi, danshi kan hau bangon daga ƙasa ya tsaya wajen ƙugun mutum, ɗakin ya ɗauki ƙanshin jiƙaƙƙiyar laka, shi kuwa ƙanshin nan tsoro yake ba shi. Matarsa akasin haka. Nan ne wuri na ƙarshe da 'yarta ta yi barci, don haka ta riƙe ɗakin kamar ranta. Ko ƙusa ba ta yarda a buga a bangon ba. Duk shekara kafin ruwa takan ce, "Malam, ɗaki na son yaɓe," shi kuma ya yi, bai taɓa cewa a'a ba.

Kada a ɗauka bai nemi rufe ramin ba. Ya kwantar da gefe ɗaya, ruwa ya zaftare shi ya mayar da shi gaɓa, don ramin ya riga ya yi zurfin da ba ya jin gyara. Ya kewaye shi da katanga, ƙasar ta zube da ita ciki. Ya sa ƙaya, awaki suka mayar da ita hanya. Shara da ɓaraguzan da ya zuba, damina ɗaya ta haɗiye su. Tsohuwar ƙasar gini kuwa babu mai ba ka ita, kowa ya san ta fi sabuwa kyau, jiƙa ta ake yi a sake ginawa. Aka ce ya ɗebo daga wani wuri mana. Ya ce ba a cike rami sai an haƙa wani, shi kuwa ba zai haƙa wa ɗan kowa ba. Ya san inda ƙasar ramin nan take. Tana tsaye a tsakiyar gidansa da ƙofa da taga.

Allah ya ba su ɗa namiji daga baya, suka raine shi kamar ƙwai a cokali, bayan ɗaki kuwa bai san kalarsa ba sai da ya yi wayo. Ya girma ya ƙi ƙasa ya zama tela, ya tafi wani gari. Jan Ƙafa ya tsufa, gwiwa ta fara ba shi labari, aiki ya koma na nuni da sanda. Sai ga tela ya dawo gida da matarsa da 'yarsu, yarinya ta fara tafiya ke nan, tana yi tana faɗuwa. Kakan ya sa mata Amarya. "Ke Amarya, wannan tafiyar 'yan maye da kike yi, ni na fasa auren," yakan ce, ita kuma ta kama masa gemu.

Wata safiya ya fito alwala bai gan ta a tsakar gida ba. Bai tambayi kowa ba, ƙafarsa ce ta kai shi. Ya same ta ta bi ta kafar da awaki suka yi a ƙaya, tana tsaye a bakin ramin tana leƙa ƙasa, tana wa kanta surutu. Ramin a bushe yake, amma gabas ta fara haɗa hadari kwana biyun nan. Ya ɗauke ta, ya kawo ta, ya zauna a bakin rumfa.

Da aka taru cin abinci ya ce, "Zan rushe babban ɗaki in mayar da ƙasar inda na ɗebo ta."

Tela ya ajiye cokali. "Haba Baba. Ɗakin da ya fi kowanne a gidan nan? Za mu kula da ita, wallahi ba za mu ɗauke ido ba."

"Uwarka ma ba ta ɗauke ido ba. Shanya kawai ta mayar."

Maganar ta fita kafin ya auna ta. Tsohuwar tana bakin murhu, ta ji, ta tashi ta shige ɗakin ta saki labule. Ya daɗe a zaune kafin ya bi ta. Rabonsa da ya wuce bakin ƙofar nan ba da kwanon yaɓe ba, shi kansa ba zai tuna ba. Ya same ta zaune a gefen gado ta jingina kafaɗa da bango.

"Uwar yara, ki yafe mini, bakina ne."

"Ba bakinka ne damuwata ba, Malam. In ka rushe nan, ina zan riƙa zama da ita?"

Ya tsaya kansa a ƙasa kamar wanda ya zo biko. Can ya ce, "Yau na tsinci Amarya a bakin ramin. Ni dai ba zan iya sau biyu ba."

Daga waje ana jin yarinyar tana buga murfin tukunya a ƙasa, uwarta tana hana ta. Tsohuwar ta share fuska da bakin mayafi, ta miƙe, ta fara naɗe tabarma. "Kira su su fitar da gadon," ta ce. "Amma ni zan ɗauki kwanon farko."

Maƙwabta suka zo, wasu da diga, wasu da baki kawai. Aka sauke rufi, aka jera itatuwan a gefe. Bangon ya ba su wuya, sai da maza suka yi gumi, ciyawar da ke cikinsa tana nan da launinta kamar jiya aka zuba. Wani ya ce kai, wannan gini da an bar shi sai ya ga jikan jika. Jan Ƙafa bai ji daɗin yabon ba. Tsohuwar ta ɗauki kwanonta ta kai bakin ramin ta juye, ta tsaya har ƙurar ta kwanta, sannan sauran suka biyo da baro.

Ɗakin ya tafi gaba ɗaya, har da wani ɓangare na katanga, kafin ramin ya zo daidai da ƙasa. Amma busasshiyar ƙasa ba a yarda da ita, ruwan farko zai zaunar da ita ta koma kwari. Sai an jiƙa an taka. Tela ya ce a bar wa matasa, uban ya ce a'a. Aka kwara ruwa, ya naɗe wando, ya ba surukarsa sandarsa, ya shiga tsakiya. Iska ta taso mai sanyi, tsoho yana taka laka da ƙarfin da ba a san yana da sauransa ba, yana haki, hawaye na bin gemunsa bai damu ya share ba.

Matarsa tana tsaye a gefe da jikarta a hannu, a daidai inda ƙofar ɗakinta take a da. Ta daɗe tana kallon ƙafafunsa suna nutsawa suna fitowa.

"Malam," ta ce, muryarta ƙasa ƙasa, "taka a hankali."