Tsohuwa Mai Lasar Rini

Wai a wani ƙauyen Tokushima, can gabas mai nisa, akwai tsohuwar da ba ta karya kumallo sai da kwano uku na ruwan baban rini, in ta yi atishawa bango ya koma shuɗi. Sharri ne, jama'a! Na je da ƙafata ranar da masu sana'ar hannu ke buɗe wa baƙi ƙofa. Lasa kawai take yi.

Ga ta nan tsugune bakin randar rini, 'yar mitsitsiya, farce goma duk shuɗi. Fusae sunanta, haka allon ƙofa ya ce. Tana tsoma yatsa, ta ɗora a harshe, ta lumshe ido don ta ji ko rinin yana da rai. Amma da motar baƙi ta tsaya sai ta ɗago, ta bi masu sauka da ido har na ƙarshe. Rigar aiki ta biyu tana rataye a ƙusa, ba ɗigon shuni ko ɗaya. Ina zaton ta 'yarta ce da ta tafi birnin Osaka, ta bar randa ba magaji.

Na ce, "Kaka, saurayi ake jira ne?"

Ko kallona ba ta yi ba. "Mai hannu nake jira, ɗan nan. Masu baki irinka, bas biyu aka sauke mini tun safe."