Insha'in da Aka Naɗe Ƙosai da Shi

Malaminmu na Hausa a Gummi, muna aji biyu na sakandare, dokarsa uku ce: faɗi abin da ka gani, kar ka yi ƙarya, kar ka ja zance. Duk Alhamis yakan zaɓi insha'in da ya fi ba shi haushi, ya yage shi daga littafi, ya aika wa mai ƙosan bakin get ta yi naɗi da shi. Wai ko ba komai takardar ta yi amfani.

Akwai wata maƙwabciyarmu da muke benci ɗaya, 'yar masunta. Da daminar shekarar gulbi ya ci ƙanenta. Da aka ce kowa ya rubuta ranar da ba zai manta ba, sai ta cika shafi huɗu. A hanya ta gaya min Innarta ce ta zauna tana tuna mata abubuwa: rigar da ya sa, tuwon da ya bari bai cinye ba. Inna ba ta iya karatun boko ba, jira take a dawo da takardar a karanta mata.

Malam ya ɗaga shafukan a gaban aji.

"Ke, tashi. Wa ya mutu?"

"Ƙanena, Malam."

"Ina?"

"Gulbi."

"To layi biyu ke nan. Sauran duk mi ne? Tuwo? Mi ya kawo tuwo cikin mutuwa?"

Aji ya kwashe da dariya. Ya bi da jan biro yana kashewa yana koyarwa: nan maimaici ne, nan kuka ne ba rubutu ba. Ya yage ya miƙa wa monita.

Ana buga tara ta ruga get, na bi ta. Har an fara naɗi. Wani ƙato ɗan bencin baya ya samu shafi ɗaya, yana tauna yana karantawa da muryar mata: "Wayyo ƙanena, wa zai kore mana tsuntsaye a shinkafa!" Ta ce don Allah ya ba ta. Ya goge hannu da takardar tukuna ya miƙa mata. Mai ya jiƙe ta sharkaf, tawadar ta narke. Sauran ukun ba mu san wa ya tafi da su ba.

Da muka taso na raka ta gida. Inna na tsakar gida tana gyaran kifi, ta ɗago.

"Ina takardar? Zo karanta min."

"Malam ya riƙe, Inna. Ya ce ta yi kyau, zai aje."

Inna ta share ido da gefen zane. "Allah shi yi mashi albarka. Ashe ya san zafin abin."

Washegari Inna ta ba ta bandar kifi manya a leda ta kai wa Malam. Ina tsaye ta miƙa. Ya buɗe, ya sansana, ya ce a gaishe da Inna, ya rataye ledar a kan babur ɗinsa.